Ranar da Aka Yi Mini Ruƙiyya da Muciya a Hannu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka tashi cire mini aljanu ba, ni da ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa ni da su ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

A Ƙauran Namoda abin ya faru, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Na gama poli ke nan, na samu koyarwa a wata firamare a Sakajiki, kullum in hau mashin in je in dawo. A idon unguwa ni yaron kirki ne. Ba sigari, ba yawon banza, sahun farko a masallaci (to, sahu na biyu dai, kada in cika baki). Abu guda ne ba wanda ya sani: ina mutuwar son kiɗan Turawan nan da ake kira rok, wanda ake dukan jita kamar ta yi laifi, mawaƙi kuma yana ihu iya ƙarfinsa.

Bitrus ne ya jefa ni ciki. Abokina ne a poli, babansa ma'aikacin jirgin ƙasa. Da uban ya yi ritaya za su koma garinsu a kudancin Kaduna, sai Bitrus ya bar mini kaset-kaset ɗinsa cikin kwalin takalmi. Duk kwafi ne, ba hoto ba suna, don haka ni na raɗa musu sunaye. Akwai wanda nake kira Mai Mura, saboda mawaƙin ta hanci yake rerawa, a hankali, kamar wanda aka yi wa rasuwa kuma ba a gaya masa wa ya rasu ba. Shi nake ji da damina, idan hadari ya haɗo ta gabas. Akwai Baƙin Doki, mai farawa lallaɓa-lallaɓa har ka saki jiki, sannan ya zabura da kai. Amma sarkinsu duka shi ne Injin Niƙa. Daga farkonsa har ƙarshe ba wurin numfashi. Ko rabin abin da suke faɗi ba na ganewa, kuma hakan bai taɓa damuna ba. Idan na dawo daga makaranta, yara sun cika mini kai, Injin Niƙa ne ke kwashe gajiyar tas. Har yanzu, duk abin da kunnena ya ji a duniya, waɗannan ukun ne a gaba.

To, lokacin gari ya canza. An rufe gidajen kallo, makaɗa sun yi sanyi, masu sayar da kaset a bakin kasuwa duk sun koma wa'azi. Ba wanda ya zo gidanmu ya hana ni komai, amma ba sai an gaya wa mutum ba. Sai na sayi 'yar rakoda mai shiga aljihu, da wayar nan ta sa wa a kunne. Don kada a ga wayar, nakan naɗe kaina da hirami har wuya. Inna, mahaifiyata, ta ɗauka ustazanci ne ya ƙaru, har tana sa mini albarka.

A wannan shekarar nake neman Luba, 'yar Badarawa ta wajen Shinkafi, wadda na fara gani a gidan yayanta a nan Ƙaura. Magana ta yi nisa. Mahaifinta ya rasu, don haka aurenta na hannun ƙanensa, Baffa Mamman, manomin gero da aka ce ba a taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana asuwaki. Ya aiko cewa ba ya ba da ɗiya a kan labari, zai zo da ƙafarsa ya ga gidanmu. Bai faɗi rana ba.

Ran nan na dawo daga Sakajiki bayan azahar, ana zafin bazara mai narka mutum. Inna ta tafi barka maƙwabta, gida ba kowa. Na sa Injin Niƙa a rakoda, na jefa ta aljihu, na toshe kunnuwa, na naɗa hirami, na ƙure murya. Da kiɗan ya shiga jikina sai na ji hannuna na neman abin riƙewa. Na duba tsakar gida, idona ya faɗa kan muciyar Inna a jingine kusa da murhu. Na ɗauke ta na rungume. Ta zama jita.

Sauran ba sai na ɓoye ba. Na rufe ido, ina kaɗa kai sama da ƙasa, ina yaƙushin muciya, ina bin mawaƙin da wani yare da ba Turanci ba, ba Hausa ba. Da aka zo wurin da mai jita ke yin nasa shi kaɗai, na zube a kan gwiwoyina, na gantsare baya, na ɗaga muciya sama (na sha gwada wannan a ɗaki, ranar ce kawai ya fito yadda nake so).

Abin da ke faruwa a bayana, daga baya aka ba ni labari. Inna ta dawo ta iske Baffa Mamman yana sallama a ƙofar gida. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta shigo kirana, ta tarar da ɗanta guda ɗaya tilo yana birgima da muciya cikin rana, kai a naɗe. Ta kira sunana, ban amsa ba. Ta sake kira, na amsa da ihu. Ko mayafi ba ta gyara ba ta ruga gidan Malam Bawa, maƙwabcinmu, wanda a lokacin sunansa ya fara fita wajen ruƙiyya. Baffa Mamman ya ji salatinta, ya biyo su ciki.

Ni dai abin da na fara ji shi ne ruwa mai sanyi a fuska. Na buɗe ido. Ga Malam Bawa a tsugunne gabana da buta, bakinsa na motsi. Ga Inna ta ɗora hannu a ka. Ga kuma wani dattijo dogo da farar hula, ya harɗe hannuwa a baya, yana kallona yadda ake kallon sa kafin a taya. Ban taɓa ganinsa ba, amma hancin Luba ne a fuskarsa. Nan take na gane.

Ba na jin komai, ganguna na ta dukan kwanyata. Sai waƙar ta ƙare, aka samu ɗan shirun nan na tsakanin waƙa da waƙa, muryar Malam ta shigo.

"Kai wane ne? Daga ina ka hito? Mi kake nema ga wanga yaro?"

Inna ta ce, "Malam, kamar Turanci na ji yana yi."

Malam ya gyaɗa kai. "Bature ne. Su ne masu wuyar hita."

A ɗan wannan shirun na yi lissafin rayuwata. In na yi shiru, ni mai iska ne, kuma ba mai ɗaukar ɗiyarsa ya ba mai iska. In na yi magana, ni malamin makaranta ne da ke rawar kiɗan Turawa da muciyar uwarsa, a shekarar da gari duka ke neman gyara. Ban ga wanda ya fi wani sauƙi ba. Gaskiya har na fara tunanin in ɗan yi atishawa in faɗi, a ce ya fita, kowa ya huta.

Sai na ga hawaye na bin fuskar Inna. Tsoro ne na gaske a idonta, irin wanda ban gani ba tun rasuwar babanmu. Na kai hannu aljihu in fito da rakoda in nuna mata. Malam ya ɗauka Baturen ne zai yi gardama, ya cafke hannuna ya murɗe. Wayar ta fizge daga rakoda daidai lokacin da waƙa ta gaba ta tashi, ita kuwa 'yar banzar tana da lasifika a jikinta.

Injin Niƙa ya cika gidanmu. Kaji suka watse. Malam ya sake ni ya ja da baya, yana kallon aljihuna. Na lalubo madannin na kashe, na warware hirami, wayar ta faɗo tana reto a wuyana.

Malam Bawa mutumin kirki ne, ya so ya rufa mini asiri. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ai ta irin wanga kiɗi suka shiga jikin mutum. Wataƙila dai..."

Na ce, kaina a ƙasa, "Allah gafarta Malam, ba kowa a jikina. Ni kaɗai ne."

Inna ta share hawaye da gefen zane, ta matso ta karɓe muciyarta, ta duba ta sama da ƙasa, ta miƙo mini. "In ka gama, ka wanke min ita."

Sai lokacin Baffa Mamman ya yi magana. "Kunna shi in ji."

Na kunna. Ya kara kunne, ya saurara da kyau, fuska ba alamar komai.

"Wanga bawan Allah, mi anka yi mishi?"

"Waƙa ce yake yi, Baba."

"Waƙa." Ya dube ni. "Kai kana jin abin da yake hwaɗi?"

"A'a, Baba."

"To." Ya sha ruwan da Inna ta kawo, ya gaishe ta da mutunci, ya yi mana sallama. Ya kama hanya.

Kwanakin da suka biyo baya ban ci abincin kirki ba. Na riga na yi wa Luba bankwana a zuciyata. Sai ga yayanta ya zo, yana ta danne dariya, ya ce Baffa ya tara 'yan'uwa ya ba su labari, har da kwaikwayon gantsarewar, kuma ranar duk Badarawa ta ga haƙoransa. Hukuncin da ya yanke shi ne: "Yaron lahiyatai lau. An ba shi hanyar ƙarya bai bi ba. Kan gado ne bai gama iso mishi ba, shi kuwa aure na kawo shi."

Aka ɗaura aure bayan kaka. Luba ta saurari kaset ɗin duka, ta ce Mai Mura zai iya zama a gidanta don tana tausayinsa, Baƙin Doki sai in ta fita unguwa, Injin Niƙa kuwa ko ita ko shi. Har gobe in na je Badarawa, tsofaffin mata sai sun tambaye ni ya Baturena.

Abin da na koya shi ne, in har an ba ka zaɓi tsakanin a ce kana da aljanu da a ce ba ka da wayo, karɓi na biyun hannu bibbiyu. Kunyarsa ta fi daɗewa, amma mai shi ana ba shi mata.