Tankin da Na Ɗora Wa Madafar Gidanmu

Ko na so mantawa, ba zan taɓa manta sadakar ukun mahaifinmu ba, kuma 'yan Zongon Kwatano ma ba su da niyyar bari in manta.

Da Baba ya rasu, gida ya cika. 'Yan'uwa daga Zogbo, daga Seme, har da na Najeriya, kowa da butarsa, famfo kuwa sai ya ga dama. Ni ne ƙarami a maza, ban taɓa yin wani abin kirki a gidan ba, sai na ce yau ranata. Na sayo tankin roba mai cin lita dubu, na sa aka ɗora a rufin madafa don ruwa ya gangaro wa masu alwala.

Gwaggo Hajara, ƙanwar Baba, ita ke kula da girki. Ta dubi katakon da danshin teku ya gama ci, ta ce, "Kai, wannan rufin zai ɗauka?"

"Gwaggo, roba ce fa. Ni kaɗai na ɗaga shi."

(Gaskiya na faɗa. Babu komai a cikinsa lokacin.)

A kaina, lita faɗin ciki ce kawai, kilo kuma shi ne nauyi, kowa harkarsa daban. Ni da nake sayar da shinkafa, kullum hannuna a kan sikeli, ban taɓa tunanin auna ruwa ba. Masu sayar da ruwa suka yi ta juye bido, wato jarka, a cikin tankin, ina tsaye ina karɓar "Allah ya yi albarka."

Malamai na tsakiyar addu'a muka ji katako ya yi ƙara. Sai rugugi. Ruwa ya kwararo ƙarƙashin tabarmi, ya tafi da takalma, ya kashe wutar girki. Sannan muka ji muryar Gwaggo.

Ƙafarta ta karye a wuri biyu. Ana sa ta a mota ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube ni ba.

Kawu Sani, wan mahaifiyarmu, ya kira ni gaban jama'a, rigarsa na ɗiga. Bai ɗaga murya ba.

"Buhun shinkafarka kilo nawa ne?"

"Hamsin, Kawu."

"Za ka ɗora buhu ashirin a kan rufin nan?"

"Haba Kawu, ai sai mahaukaci."

"To lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ga shi ka ɗora."

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Gwaggo ta warke, amma da sanda take tafiya, kuma duk Juma'a ni ke kai ta duk inda za ta. Ta ce ta yafe. Abin da na koya shi ne, kada ka yi rantsuwa a kan nauyin abu sai ka ɗaga shi a cike. Yanzu ko an yi rasuwa a dangi, aikina ɗaya ne: jera takalman baƙi.