Muryar Kaka da Agwagwar Guntuwa

Ni dai yatsana ya fi idona sauri, shi ne kuma ya kai ni ya baro. Shekara ashirin ina buga wa mutane takardu a shagona, duk abin da kwamfuta ta tambaye ni amsa ɗaya nake ba ta: na yarda, ci gaba. Ban taɓa tsayawa na karanta ko layi ɗaya ba.

Guntuwa ce ta ja min. Taubashiyata ce, 'yar kawuna, malamar kwamfuta a wata sakandare. Tsawonta da kaɗan ya wuce teburina, amma bakinta ya fi ƙofar shagon faɗi. Ta ga kwamfutata ta tsufa, in na kunna ta sai na share shago kafin ta buɗe ido, shi ne ta kawo min sabuwar manhajar tafiyar da kwamfuta a ɗan filashi, wai Linuks, mai hoton wani tsuntsu kamar agwagwa ta sa kwat. Ta tayar min da ita daga filashin don gwaji kawai, ta ce kada in ɗora ta a kan kwamfutar sai ta dawo. Kwana biyu ina gwaji, abu kamar walƙiya. Rana ta uku na ce, mutum da furfurarsa zai zauna jiran Guntuwa? Na danna. Ta yi tambaya, na ce na yarda. Ta sake, na ce ci gaba.

Da ta gama, kwamfuta ta tashi fes, ba komai a cikinta. Takardun mutane ba su dame ni ba, kowa ya karɓi nasa. Amma a ciki akwai muryar Kaka, awa uku da na ɗauka tana ba da tarihin gidanmu, wata biyu kafin rasuwarta. Kwafi ɗaya ne a duniya. Shekara biyu Guntuwa na roƙona in tura mata, ina ja mata rai.

Na rafka tagumi ke nan, sai ga ta.

"...lafiya lau, Sanƙo, ya kasuwa? Kai, me ya same ka, ka yi jugum kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki?"

"Wa ke magana? Ina jin murya, ban ga mutum ba. Hau kujera in gan ki."

"Gara ni, in na faɗi ƙasa na kusa. Kai kuwa kashe fitilar nan, kanka ya ishi shagon haske. Ya agwagwata? Ta yi maka?"

"Gudu dai tana da shi. Amma tsakaninki da Allah, wa ya yi ta?"

"Mutane ne, dubbai, kowa a garinsa. Sun bar ta a buɗe, wanda ya iya ya leƙa cikinta ya gyara."

"Inna lillahi! Tukunyar da kowa ke sa hannu? Kuma kyauta? Guntuwa, banza ba ta kai zomo kasuwa."

"Yau kuma kai ke gudun banza? Kai da ko goron wani ka gani sai ka ce a gutsura maka? Tsaya ma tukuna."

Idonta ya faɗa kan tebur.

"Ga filashina nan a ajiye kusa da almakashi. To me agwagwa take yi a fuskar kwamfuta?"

"Sabo ne. Ta ga mutumin kirki, ta zauna."

"Ka ɗora ta?"

"Na ɗan rage miki aiki."

"La ilaha illallahu! Da ta tambaye ka, ta zauna gefen tsohuwar manhajar ko ta share komai, wanne ka zaɓa?"

"Wanda ya fi kusa da yatsana."

Ta ture ni, ta haye kujerata mai taya, wadda ko ɗana ba ya zama a kai. Ƙafafunta na lilo, tana buɗe wannan tana buɗe wancan, ko'ina wayam. Sai ta juyo a hankali.

"Sanƙo. Ina Kaka?"

"Tana inda kika sani, Allah ya jiƙanta."

"Ina muryar Kaka?"

Na zame na zauna a bencin masu jira. Na ƙura wa yatsan da ya yi aikin ido.

"Wayyo Allah! Ka sake binne mana tsohuwa!"

"Ba ni ba ne, agwagwarki ce ta haɗiye ta!"

"Ta tambaye ka ko ba ta tambaye ka ba?"

"Ta tambaya."

"Sau nawa?"

"Biyu."

"Ko ɓarawo ne ya yi maka sallama sau biyu, ai ya fita haƙƙinka. To ka ji abin da ya kawo ni. Baba ya ce ranar Juma'a zai zo shagon nan, shi da Gwaggo, su ji muryar mahaifiyarsu."

"Kawu? Da Inna? Juma'ar nan?"

"Ita. Me za ka kunna musu, kukan agwagwa?"

Gumi ya keto min tun daga inda gashi ya kamata ya fara. Na tuna Inna, duk sanda na kunna mata muryar nan sai ta rufe ido ta riƙa amsawa, "Na'am, haka ne," kamar tsohuwar na zaune a gabanta.

"Doguwa."

"Me ka ce?"

"Na ce Doguwa. Zanƙaleliya, mai taɓa rufin ɗaki. Ke ce malama, ba a iya dawo da ita?"

"Abin da aka share, aka kuma rubuta wani a kansa? Sai dai addu'a."

"To yi min addu'ar."

"Bakina ba ya buɗuwa sai an faɗi gaskiya. Ce: 'yar kawu ta fi ɗan gwaggo hankali."

"'Yar kawu ta fi ɗan gwaggo hankali."

"Mai gyaran takalmi na ƙofa bai ji ba."

Na ɗaga murya na faɗa. Mai gyaran takalmi ya leƙo da guduma a hannu, ya ce ai wannan tsohon labari ne, ya koma.

Sai Guntuwa ta buɗe jaka, ta zaro makullanta. A jikinsu akwai wani filashin, ja, ɗaure da zare. Ta soka, ta danna. Tarin Kaka ne ya fara fitowa, sannan ƙarar carbinta, sannan muryar nan mai kaushi tana cewa, "To, an kunna abin ne?"

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba.

"Subhanallahi! Ina kika samu? Na sa wa kwamfutar nan kalmar sirri!"

"Ranar gwaji, da ka fita alwala. In aka tayar da kwamfuta daga filashi, kalmar sirrin taka ƙofa ce a tsakiyar fili, ba katanga. Kafin ka wanke ƙafa ta biyu na gama."

"Sata kika yi min!"

"Kai ƙarata wurin Baba ranar Juma'a, ni ma ina da labarin da zan ba shi. Tsaya, akwai wurin da nake so ka ji."

Ta ja maganar can kusa da ƙarshe. Kaka ta gyara murya.

"Shi kuwa wannan mijin nawa da ya ajiye min waya ya fice, kada wanda ya ba shi ajiya ko ta allura. Tun yana yaro, in ka ce masa tsaya, sai ka tarar ya isa. In kuna son maganar nan ta daɗe, ku ba Guntuwa."

"Kai! Wallahi ban taɓa jin wurin nan ba!"

"Yaushe ka taɓa sauraron wani har ƙarshe?"

Dariya ta ƙwace min, hawaye na biye da ita, na rasa wanne zan fara sharewa. Na ce mata ta ci, kujerar nan mai taya ta zama tata, ta tura ta gida, ko ba komai za ta riƙa ganin saman tebur.

"Na karɓa. Agwagwa kuma tana nan, da ita za ka ci gaba da aiki."

"Na yarda. Yanzu miƙo filashin in kwafi Kaka da kaina. Ai na yi hankali, daga yau sai na karanta kafin in danna."

Ta kaɗe min hannu, ta matso da kujerar jikin tebur.

"Ka ji ka, har ka ce na yarda ban gama magana ba. Zauna a kan hannayenka, Sanƙo. Tsohuwar nan ba za a binne ta sau uku ba."