Fankar Kamaruddeen Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, Kamaruddeen mai haɗa bidiyon biki a Makoda yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar fankar kwamfutarsa. Ta cika ranar Talata da la'asar, tana tsakiyar aikin bidiyon bikin Ummi, yayar Tahira, yarinyar da yake nema. Hajiya mahaifiyarsu kuwa ta riga ta faɗa a gaban mutane: Juma'a take son bidiyon, kuma wanda ya kasa cika alkawarin bidiyo ba za ta ba shi 'ya ba.

Marigayiyar ba fankar ɗaki ba ce, kada a raina ta. Ita ce ke zaune a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana yi masa fifita. Shi kuwa furosesan, Kamaruddeen ya ƙara masa gudu fiye da yadda maƙeransa suka tsara, don aiki ya riƙa fita da wuri, sai ya koma ɗaukar zafi kamar tandar waina. Fankar da ta zo tare da shi ko mako ba ta yi ba ta sallama.

Kai, zaɓen marigayiya abin kallo ne! Kamaruddeen ya hau mota daga Makoda har Kano da tsinken tsintsiya a aljihu, wanda ya auna faɗin akwatin kwamfutar da shi, kada ya sayo wadda murfi zai ƙi rufuwa. Ya ɗaga wannan, ya jijjiga waccan, ya kara kunne, har mai shago ya fara hamma. Can sai ga ta, da bututun tagulla huɗu da fukafukai baƙaƙe wuluk. Da ya dawo ya ɗaura ta, ya jibga wa furosesa aiki mafi nauyi tun hantsi har magariba, idonsa ƙur a kan ma'aunin zafi. Zafin da ya saba haura casa'in, wallahi ko saba'in bai taɓa ba! Ranar har rawa ya taka a ƙofar shago, 'yan acaɓa suna tafa masa.

An shaide ta da haƙuri da kunya. Ko a tsakiyar bazara ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, iyakarta "fuuuu".

Ciwon ajali ya faro ne da ɗan kuka: "ƙiii, ƙiii." Kamaruddeen ya buɗe murfi zai duba, aka kira salla, ya tafi masallaci. Sai ga mahaifiyarsa, Inna Barira, mai matsar man gyaɗa, wadda babu ƙyaure ko keken ɗinki a unguwar da bai sha maganinta ba. Tausayi ya kama ta. Ta tsoma gashin kaza a kwalbar man gyaɗa ta yi wa mara lafiya hidima, ita kuwa Inna ba ta iya rowa ba. Fanka ta warke sumul, shago ya ɗauki ƙamshin ƙuli-ƙuli, har masu wucewa suna leƙowa neman na saye. Daga nan kiyashi suka samu labari, suka zo da iyalansu. Ƙaiƙayin geron da ake sussuka a maƙwabta ya bi man ya manne, komai ya cakuɗe ya zama danƙo. Kalamanta na ƙarshe su ne: "ƙir... ƙir... tak."

Iyalai ba sa zargin kowa, musamman Inna Barira, wadda har yanzu take cewa man ne bai isa ba.

Marigayiyar ta bar furosesa ɗaya cikin zazzaɓi, da sukurori huɗu marayu, da kiyashi bila adadin. Allah Ya ba Kamaruddeen haƙurin rashi, ga shi har ya rame.

Ba za a yi mata wanka ba, don ba ta taɓa shiri da ruwa ba. Kwalin da ta zo a ciki shi ne likkafaninta, za a kai ta gindin ɗorawar bayan shago ranar Laraba da hantsi. Zaman makoki a cikin shagon ne. Sabuwar fanka sai Asabar za ta iso daga Kano, saboda haka ana roƙon kowane mai ta'aziyya ya taho da maficinsa. Za a buɗe murfi, a kunna furosesa, a riƙa yi masa fifita ana karɓa-karɓa har bidiyo ya kammala. Duk wanda hannunsa ya tsaya kafin na bayansa ya karɓa, ya sani shi ya kashe auren Kamaruddeen.