Injin Jifan Tanimu

Wani mutum ne ana ce masa Tanimu. Shekara biyu ya yi a makarantar birni, bai ma gama ba, ya dawo ya ce kowa ya riƙa kiransa Injiniya. Ko gaisuwa ba ya durƙusawa. Wai ƙwaƙwalwarsa ta yi nauyi.

Lokacin ƙungiyar manoma na neman shugaba, shi kuwa kujerar ta shiga ransa. Gonakin garin suna ƙetaren rafi, kullum ana wahalar haye da kaya a ka. Sai ya haɗa wani inji da gora da robar taya, ya ce da shi za a riƙa cilla iri da taki har can.

Ranar gwaji ya ci farar shadda, ya kafa kujera a kan yashin tsakiyar rafi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Aka sa dutse a injin.

"Barau, saki!" ya ce wa maƙerin da ke riƙe da robar. "Na lissafa. Ta samana zai wuce, taku sittin cif."

Fiuuu! Dutse ya wuce, tim, ya faɗi a ƙetare. Aka auna. Sittin! Maza suka hau tafi, Tanimu ya kumbura kamar kwaɗon damina.

Sai Gwaggo Tasalla, wadda ta shekara hamsin tana shiƙa, ta taho da ƙaton ƙulli a tsohon zane. Ƙaiƙayin gero ne ta danƙara a ciki har ya yi nauyi.

"Ɗan nan, nauyinsa ɗaya da dutsenka. Shi ma zai haye?"

"Gwaggo, lissafi ba ya duba fuska. Nauyi ɗaya, ja ɗaya, masauki ɗaya."

"Iska fa? Abu mai faɗi tare shi take yi. Ka taso daga wurin nan."

Ya yi dariya har da buga cinya. "A littafinmu cewa ake a yi watsi da iska. Ki koma wajen turminki. Barau, saki!"

Barau ya ɗora ƙullin a injin, ya saki. Ƙulli ya tashi da ƙarfinsa, ya kai rabi, ya yi turus kamar an riƙo shi ta baya. Sannan ya sunkuyo. Tanimu na kallon sama baki buɗe, yana ƙirga sakan.

Bus! A tsakiyar kansa ya fashe.

Wanda ya san ƙaiƙayin gero a jikin mai gumi ya san sauran. Ya shiga wuya, ya shiga hammata, ya gangara har inda ba a faɗa. Tanimu ya yi susa, ya yi tsalle, ya jefar da hula, ya tuɓe shadda. Ganin ba sauƙi, ya yar da wando gaban dattawan da za su yi zaɓe, ya kwasa da gudu. Tsundum! Sai cikin ruwa.

Gwaggo Tasalla ta gyara ɗaurin zaninta, ko murmushi ba ta yi ba.

"Barau, auna mana. Taku nawa Injiniya ya yi kafin ya sauka?"