Akwatin da Ya Ƙi Ɓacewa

Wani ne zai hau jirgin sama karo na farko a rayuwarsa. Ba shi da akwati, sai ya ari na surukinsa, wani tsohon soja da ko tari ya yi sai yaran gidan sun ƙame. Akwatin ja ne mai taya, kuma sojan ya rubuta lambar wayarsa a jiki da farin fenti, manya-manya. Da zai miƙa masa ya ce, "Akwatin nan ya girmi matarka. Ranar da bai dawo gidan nan ba, ita za ta dawo."

Wajen sayen tikiti aka tallata masa inshorar tafiya. Aka ce in kayanka suka ɓata a hanya, kamfani zai biya. Ya saya. Ya je ya dawo lafiya ƙalau, ko tuntuɓe bai yi ba. Jama'a na ta yi masa barka da dawowa, shi kuwa ransa a ɓace yake. Ya biya kuɗin tsautsayi, tsautsayi ya ƙi zuwa. Ya rantse ba za a ci haƙƙinsa a banza ba.

Washegari ya doshi ofishin inshorar. Ya tarar da wata ma'aikaciya mai tabarau, irin waɗanda suka ji ƙarya kala-kala har ta daina ba su mamaki. Ya marairaice ya ce akwatinsa ya ɓata a tafiya. Ta ɗauki biro ta tambaye shi kamanninsa. Gogan naka sai ya sunkuya, ya cicciɓo akwatin ya ɗora mata a kan tebur.

"Ga shi nan, Malama, don kada ki ce ƙarya nake."

"Wannan ɗin fa?"

"Shi ne wanda ya ɓata."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta dubi akwatin. Cikin sanyin murya ta fahimtar da shi cewa kayan da suka ɓata ba sa rako mai su ofis. Ya yi godiya ƙwarai, ya ce ai rashin sani ne, ya ja abinsa ya fita.

Bayan kwana biyu ya dawo hannu rabbana. Ya zauna ya ce yau kam ya ɓata da gaske. Sai dai yana magana yana leƙen ƙofa, ga wata igiya ɗaure a ƙafarsa, ta bi ƙarƙashin kujeru ta fita waje. Ma'aikaciyar ta hango ta. Ta taso ta kama igiyar tana ja. Can sai ga akwati ya shigo a kan tayarsa, ƙiii, ya tsallake ƙafar masinja, ya zo ya tsaya a gefen mai shi kamar akuyar gida.

Mutumin ya dafe ƙirji ya ce, "Ikon Allah, an gan shi."

Ta ce masa ya saurara da kyau. Ɓata shi ne ba ka san inda abu yake ba, kuma ba igiya. Ya ce yanzu ya gane sosai.

Sai ya yi shawara da kansa, wadda ita ce mafi munin shawara. Ya ce zai kai akwatin filin jirgi ya ajiye, ya juya masa baya na ɗan lokaci har ya ɓata, in an biya shi ya koma ya ɗauko. Ya ajiye shi kusa da wani benci ya tafi. Bai yi nisa ba wani bawan Allah mai amana ya ga lambar waya a jiki, ya buga. Wa zai ɗauka? Tsohon soja. Nan da nan wayar gogan naka ta yi ƙara, surukin yana tambayar me akwatinsa yake yi shi kaɗai a filin jirgi. Ya amsa ya ce, "Baba, iska na kai shi ya sha."

Da wani ne, da ya haƙura. Shi kuwa ya sayi jan fenti ya shafe lambar tas, ya mayar da akwatin gindin bencin, ya tafi shan shayi don ɓatan ya nuna sosai. Da ya dawo duba ko ya ɓata yadda ake so, sai ya tarar ya ɓata fiye da yadda ake so. Ba akwati, ba labarinsa. Ya leƙa ƙarƙashin benci, ya tambayi masu shara, ya tambayi masu gadi. Kowa ya ce bai gani ba.

Da gudu ya isa ofishin, takalmi ɗaya a ƙafa, hawaye shaɓe-shaɓe. Ya zube a gaban teburin. Ya ɗaga ƙafafunsa ya nuna mata ba igiya. Ya rantse da duk abin da ya sani, ya ce sojan ya riga ya bugo sau uku, matarsa ma ta fara naɗe kayanta.

"Malama, ki rufa mini asiri. Wallahi wannan karon ya ɓata, ɓatan gaske."

Ta cire tabarau ta goge a hankali, ta mayar.

"Ba matsala, Malam. Kawo shi mu gani, kamar yadda ka saba."