Ranar Da Na Ƙwace Alkakin Rukayya

Ba zan taɓa mantawa da ranar kai garar Hindatu ba, ko da kuwa na so in manta, don matan Funtuwa ba za su bar ni ba. Kar ku tambaye ni shekara ta boko, ban san ta ba. Shekarar da tsutsa ta faɗa wa masara ce har muka koma bin gona da toka a ƙwarya, damina biyu bayan rasuwar maigidana Malam, kafin a haƙa mana burtsatse a unguwa. Duk wanda ya zauna wajen Gozaki ya gane lokacin da nake nufi.

Ba yabon kai ba, amma daga nan har Malumfashi, in ana zancen alkaki ƙofata ake nunawa. Ni nake ɓarzar alkamata, ni nake kwaɓawa, hancina ne yake gaya mini ranar da ta yi tsami daidai. Saboda haka da aka sa bikin jikata Hindatu, ba wanda ya tsaya tambayar wa zai yi gara. Kwana huɗu ina bakin kasko.

To, ina da wata jikar, Rukayya, 'yar ɗana. Tana shekara goma sha ɗaya ta fara shan ruwa kamar raƙumi, tana ramewa kamar ana fere ta. Da aka kai ta asibiti suka ce ciwon suga. Na ce ƙarya ne, ciwon suga na Alhazai masu tumbi ne, me ya haɗa shi da yarinyar da iska za ta iya ɗauka? Suka ce nata daban ne. Jikinta ya daina yin abin da ke sarrafa abinci, sai dai a riƙa sa mata shi da allura, insulin suke ce masa, kullum ta Allah. Allurar ma kamar biro take, a cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi muke ajiye ta don kar zafi ya ɓata ta. Kafin ta ci abinci sai ta tsire yatsa ta duba jini a wata 'yar na'ura, ta kalli abin da za ta ci, ta murɗa gindin biron ƙas, ƙas, ƙas, gwargwadon abincin, sannan ta soka.

Sau uku uwarta Saude tana zaunar da ni tana yi mini bayani. Wai likita ya ce jefi-jefi za ta iya cin zaƙi, in dai ta auna shi ta auna masa allura. Sau ukun nan ina gyaɗa kai, ba abin da ya shiga. (Likitan da na tabbata ranar sunansa ni na riga na aurar da 'ya, shi zai koya mini cewa mai ciwon suga ta ci suga?) Na naɗa kaina dogariyar yarinyar nan. Ba wanda ya naɗa ni, ba wanda ya roƙe ni.

Ana gobe kai gara, lokacin Rukayya tana da shekara goma sha bakwai, ta zo ta tsuguna kusa da ni ina tsame alkaki daga ruwan zaƙi.

"Iya, gwangwani nawa na suga kika zuba a wannan tukunyar?"

Na gaya mata.

"Zuma fa? Kuma guda nawa ya fito?"

Kaina ya kumbura. Na ce a raina, Alhamdulillahi, a cikin jikokin nan an samu mai son gadon sana'a. Har sirrin tsamiyata na gaya mata, wanda ko surukata ban gaya wa ba. Ashe yarinya lissafi take yi. So take ta san zaƙin da ke cikin guda ɗaya, don ta san ƙas nawa za ta murɗa gobe. Shekara shida rabonta da alkakina, ta shirya wa ranar tun da aka sa biki.

Da safe muna shirin shiga mota, na leƙa jakarta ina neman allurar ɗinki, sai ga ƙullin suga mai ƙwaya a leda. Na ce ka ji munafuncin yaran zamani! Na zare shi na jefa a kwanona na rufe, ban ce da kowa komai ba. Ina jin kaina kamar wadda ta kashe maciji a ɗakin jariri.

Muka isa gidan iyayen ango a Funtuwa bayan azahar. Saude ta wuce can gidan amarya da masu jere, wata unguwa daban. Mu muka zauna a tsakar gida, mata sun fi arba'in. Aka buɗe fantekoki, alkaki, nakiya, dubulan, kowa yana sa albarka. Wata Hajiya Talatu, gwaggon ango, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, ta gutsura ta lumshe ido ta ce, "Wannan hannun ba na yara ba ne." Na ce, "Ai sai a hankali, Hajiya," ina gyara mayafi.

Can na hango Rukayya ta shiga wani ɗaki da jakarta. Jim kaɗan ta fito ta ɗauki faranti, ta sa alkaki biyu, ba uku ba, ba ɗaya ba. Ta koma gefe ta yi bismilla.

Ban san ina da sauran gudu ba sai ran nan. Gwiwar da nake kuka da ita kullum ko ƙara ba ta yi ba. Kafin alkakin ya isa bakinta farantin yana hannuna.

"Ke! Kashe kanki za ki yi a gidan mutane?"

Ta yi ƙasa da murya. "Iya, don Allah ba ni. Na riga na yi allurarsa."

"Madalla! Kin yi magani, shi ke nan. Wa ya taɓa shan magani ya bi shi da guba?"

"Iya, ba haka ba ne. Allurar ta shiga, dole in ci..."

"Dole? Ni za ki gaya wa dole? Ni na yi wankan jegon ubanki!"

Na juya ga mata, don in na fara abu ba na yin rabi. Na ce, "Jama'a, yarinyar nan ciwon suga gare ta. Duk wadda ta ba ta wani abu, ko shinkafa, ko lemo, ko dabino, ita da Allah." Mata suka hau cewa wayyo, sannu, Allah ya ba da lafiya. Wata ta ce, "Kai, wannan kaka ta san aikinta." Hajiya Talatu tana can kicin lokacin, da abin bai kai inda ya kai ba.

Rukayya ta sunkuyar da kai. Yarinya mai kunya, ga surukan gidansu, ga asirinta na tona a tsakar gida, ina za ta iya jayayya da ni? Na ga tana laluben jakarta, ta zazzage ta, ta sake laluba. Ta ɗago ta kalle ni. Na kalli sama. Ta yunƙura za ta tashi, na kama gefen mayafinta na zaunar da ita kusa da ni, na danne shi da cinya.

Yanzu ga faranti a hannuna. Mayar da shi fanteka abin kunya ne, zubarwa almubazzaranci. Na ja mayafi na rufe fuska kamar mai gyangyaɗi, na tura guda ɗaya. (Na yi ne don ceton rai, Allah shi ne shaida. Amma gaskiya ya yi daɗi.) Ɗayan kuma na ƙulle a gefen zanina, sabon ankon biki, na soke a ƙugu.

Ba a yi rabin awa ba na ji hannun yarinya yana rawa a jikin nawa. Na duba, gumi yana tsiyaya a goshinta, ga inuwa muke zaune. Na ce, "Ke, lafiya?" Ta buɗe baki, magana tana fita a karkace kamar ta mai barci. Sai ta ture hannuna ta ce, "Ki ƙyale ni, tsohuwar nan!" Rukayyar da ko ido ba ta ɗaga mini!

Na miƙe na fasa ihu. "Kun gani ko? Ƙamshinsa kaɗai ya tayar da ciwon! Ku nemo shuwaka a matse mata, ɗaci ne maganin zaƙi!"

Hajiya Talatu ta fito da ludayi a hannu. Ta tsuguna, ta taɓa goshin yarinyar, ta ce, "'Yata, kin yi allura?" Ta gyaɗa kai. "Kin ci?" Ta girgiza kai. Hajiya ta zaro na'urar daga jaka, ta tsire mata yatsa, ta duba, sai fuskarta ta canza.

"Ku kawo suga da ruwa a kofi. Maza!"

Ni kuwa, jin an ce suga, sai na baza hannuwa na tare hanya kamar mai korar awaki daga shanya. "Wallahi ba a isa ba! Ina raye ba mai ɗura mata!"

"Iya," in ji Hajiya, "da girmanki da furfurarki, matsa. Sugan jininta ne ya faɗi. Allurar da ta yi don abinci ba ta tarar da abinci ba, shi ne take cin na jikinta. In kika ƙara tsaida ni, sumewa za ta yi a gabanki."

Wasu mata biyu suka kama ni suka ajiye a kan turmi. Tun da aka haife ni ba a taɓa ɗauke ni kamar buhun taki ba sai ran nan. Ina kallo Hajiya ta tallafe kan yarinyar, ta tabbatar tana iya haɗiya, tana ba ta kurɓi-kurɓi. A nan ne tsoro ya kama ni na gaske, bakina yana ta salati. Da wani abu ya sami yarinyar nan, da wane ido zan kalli ɗana?

Allah ya taimake mu. Bayan ɗan lokaci ido ya dawo, rawar ta tsaya. Hajiya ta sake gwadawa ta ce ya hau, a kawo mata abinci ta ɗora. Sannan ta ce, "Ba kya yawo da suga a jaka? Ai an gaya muku."

"Ina yawo da shi, Hajiya. Yau ne ya yi ƙafa." Ta kalle ni.

"To, ina alkakin da kika yi wa allurar?"

Rukayya ta sake kallona. Mata arba'in suka kalle ni.

Na ce, "Na... na ba yara."

Da na yi zamana a kan turmi da asirina ya rufu. Amma sai na miƙe, wai in bar wurin da mutuncina. Ƙullin ya kwance, alkaki ya faɗo, ya gangara a siminti har gaban Hajiya Talatu ya tsaya. Zuma ta riga ta jiƙa mini zani tun daga ƙugu har gwiwa, ƙudaje suna biye da ni kamar 'yan rakiya. Wata 'yar dattijuwa daga dangin ango, mai ido kamar na shaho, ta nuna ni da yatsa ta ce, "Ga ɗaya. Ɗayan kuma ga ɓurɓushinsa can a haɓar yarinyar da aka ba."

Gida ya ɗauki dariya. Har masu wanke-wanke sai da suka fito. Rukayya da ko tsayuwa ba ta gama iyawa ba, ita ma tana dariya tana cewa, "Iya, da kin gaya mini za ki ci, ai da ke na yi wa allurar."

 Da muka isa gida na buɗe kwano na ɗauko ƙullin sugan, na mayar a jakar da hannuna. Washegari na kira Rukayya na ce ta sake yi mini bayanin daga farko, a hankali, kamar tana koya wa akuya. Wannan karon na saurara. Abin da na koya a tsufana shi ne, mai ciwo da ta shekara shida tana kwana tana tashi da abinta ta fi mai gadinta sanin hanyarsa. In kuma ka ƙwace abu don ceton rai, to kar ka ci shaidar.

Hajiya Talatu ta rasu bara waccan, Allah ya jiƙanta, ta ceci jikata ta kuma kashe ni da raina. Saude tana nan. Rukayya tana Malumfashi da 'ya'yanta biyu, duk sallah tana cin alkakina guda biyu a gabana, ni ke riƙe mata farantin har ta gama murɗa bironta. Ita kuwa dattijuwar nan mai idon shaho, ta girme ni nesa ba kusa ba, amma tana nan daram, ko ciwon kai ba ta yi. Duk bikin da muka haɗu sai ta leƙa ƙuguna ta ce, "Iya, yau me aka ba yara?"