Ranar da Burauza Ta Tsiro Mini da Suma

Ba zan taɓa mantawa da wannan Larabar ba, kuma ko na so in manta, mutanen Dogon Dutsi ba za su bar ni ba.

Ni ne malamin kwamfuta a wata kolej a garin. (Asalina malamin tarihi ne. Na taɓa gyara wa direkta wayarsa, shi ke nan aka ba ni makullin ɗakin.) Kwamfutocinmu tsofaffi ne, wani abokina da ke aiki a Doso ya saka mana Linux a kansu, manhajar nan ta kyauta, don ita ce kaɗai suke iya ɗauka ba su yi nishi ba.

To, wuta ba ta zama, ni kuma ina tsoron yara su lalata mini kaya. Sai na ɓullo da dabara. Na zana tagar burauza, wato manhajar shiga intanet, a kan allo da alli, kowane maɓalli a gurbinsa. Na mayar da darasin waƙa. In na buga sanda sai aji ya ɗauka: "Sama hagu, danna! Na farko a jeri, danna biyu! Sama dama, ja, rufe!" Yarana sun haddace kwamfuta tsaf, hannunsu bai taɓa linzamin kwamfuta ba. Ni kuwa har alfahari nake.

Ana nan sai ɗalibai suka yi wa makaranta yawa, wasu har a ƙasa suke zama. Ƙungiyar iyayen yara ta ce a kwashe kwamfutocin a mayar da ɗakin aji. Shugabansu, Alhaji Garba, ɗan kasuwa ne mai magana a hankali. Ya same ni, ya kira ni Mushe kamar yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, ya ce, "Mushe, mu dai mu gani da idonmu. In ɗakin ga na da amhwani, a bar shi. In babu, a sa tebura yara su zamna."

Gaskiya hankalina ya tashi, don ina son ɗakin nan kamar ni na gina shi. Saboda haka ana gobe za su zo, da la'asar, na ce bari in burge su da sabon abu. Na haɗa wayata da kwamfutar na yi wa burauza mizajur, wato na sabunta ta. Wani dogon bayani ya fito da Faransanci, ban karanta ba. Na kashe na yi tafiyata, ko buɗe ta ban yi ba.

(Akwai abin da ya kamata ku sani a nan. Ina da sanƙo, irin mai ƙyalli. Akwai kuma wadda nake nema a Kore Mairuwa, ba ta taɓa ganina babu hula ba. A wannan makon na zauna a kwamfutar na gyara hotona, na dasa wa kaina suma baƙa wuluk har da tsaga a gefe. Ban kai ga tura mata ba, ina ta buɗewa ina sha'awar kaina.)

Ranar Laraba iyaye suka cika ɗaki, direkta a gaba, Alhaji Garba kusa da shi. Na kunna furojekta, hoton kwamfutar ya hau bango. Na ce yau za mu buɗe taswirar Nijar. Na buga sanda.

"Sama hagu, danna!"

Na kai linzami sama hagu. Babu komai. Layin rubutun da na shekara ina zanawa a allo ya ɓace, tagar ta zama sumul, maɓallan sun ƙanƙance sun koma toka-toka. Yara suka ga ban danna ba, suka ɗauka ban ji ba ne, suka ƙara murya. Na yi ta yawo da linzami kamar mai neman allura a yashi, har Allah ya sa na dace da wasu 'yan layuka uku a can ɗaya gefen. Da ƙyar tagar zaɓen fayil ta buɗe.

"Na farko a jeri, danna biyu!"

Don in nuna ban rikice ba, na juyo ina yi wa iyaye murmushi, na danna ba tare da na duba ba. A da, na farko a jeri taswira ce. Sabuwar tagar kuwa, abin da aka fi buɗewa kwanan nan shi take sawa a gaba.

Sai na ga idon kowa ya koma bango. Na waiga. Ga ni nan a bango, na dafa haɓa, suma ta kwanta luf.

"Sama dama, ja, rufe!" in ji yarana, Allah ya yi musu albarka, ba su fasa ba. Jan maɓallin ma babu shi. Cikin sauri na danna kan hoton, sai ya ƙara girma, tsagar sumar ta cika bango. Na roƙi Allah a ɗauke wuta. Wutar da kullum ke tafiya ba sallama, ranar ta zauna daram.

Sai na ruga na tsaya gaban bangon don in tare hoton da jikina. Zufa ta keto mini, kuma ban san lokacin da na cire hula don in share ta ba.

Alhaji Garba ya dubi bango, ya dubi kaina, ya sake duban bango. Ya ce, "Mushe, wanga ƙanenka na?"

Wata uwa a baya ce ta fara fashewa da dariya, sai ɗaki ya ɗauka. Direkta ya zare wayar furojekta yana share hawaye. Ni kam na tabbata ɗakina ya tafi.

Da dariya ta lafa, Alhaji ya gyara zama ya ce, "Direkta, a bar ɗakin ga. Injin da ya hiddo ma Mushe suma, ba abin yadawa ba na. Mu iyaye mu yi ma sauran yara rumhwa. Amma a bar ɗiyanmu su taɓa shi da hannunsu, waƙar ta isa hakanan."

Daga baya na kira abokina na Doso ina ƙorafi. Ya ce masu burauzar ne suka koma sabbin kayan da ake zana tagogi da maɓallai da su, kamar magini ya sauya ma'aunin bulo, kuma za su sake sauyawa. Ya ce ai bayanin da ban karanta ba ke nan.

Na goge zanen allo. Yanzu yara ke riƙe linzami, suna karanta abin da ke gabansu, ni ma ina koya tare da su. Na koyi cewa in ka sabunta abu, ka buɗe shi kai kaɗai kafin ka tara jama'a. Ta Kore Mairuwa kuwa, labari ya riga ni isa. Da na je, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Mushe Mai Suma, cire hular mu gani."